Tsinkayen da ke cikin ƙafar talotalo: aikin kolajin a ƙashi da agarar tsuntsu

Tambaya: Malam, ni ɗalibin likitancin dabbobi ne. Da muka feɗe ƙafar wani babban talotalo a ɗakin gwaji, na ga waɗansu siraran abubuwa masu tauri kamar tsinke kwance a cikin tsokar ƙwaurinsa, kuma ban gan su a ƙafar ɗan tsako ba. An ce mana jijiyoyi ne suka zama ƙashi. To, in dai kolajin ne ke jawo kalsiyam a samu ƙashi, me ya hana fata zama ƙashi, alhali ita ma cike take da kolajin? Kuma wannan taurin cuta ne?

Amsa: Ba cuta ba ne, ɗan'uwa. Duk lafiyayyen talotalo da ya girma haka za ka same shi. Amma kafin mu yi nisa, bari mu tsayar da kalma, domin "jijiya" tana ɗaukar hanyar jini, tana ɗaukar mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, tana kuma ɗaukar farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Wannan ta ƙarshen muke magana a kai, kuma zan riƙa kiranta agara, ko a ina take a jiki.

Inda tambayarka ta ɗan karkace shi ne zaton cewa kolajin, wato furotin mai kama da zare da ke riƙe fata da agara da ƙashi, shi ne ke yanke shawarar inda za a yi ƙashi. Ba shi ba ne. Shi yake tsara yadda ma'adinin da ke taurara ƙashi zai kwanta in ya zo, da girman da zai yi, da inda zai fuskanta. Amma ba da izinin zuwan, wannan aikin ƙwayoyin halittar da ke zaune a wurin ne. Agarar talotalo ita ce mafi kyawun shaida a kan haka, shi ya sa masu binciken ƙashi suka daɗe suna riƙe da ita.

Gani ya kori ji. Ka samu ƙasusuwan cinyar kaza guda biyu. Ka jiƙa ɗaya a ruwan kal na kamar mako guda, kana sauya ruwan. Asid zai narkar da ma'adinin, ƙashin ya fito da siffarsa daram, amma ka iya lanƙwasa shi kamar roba. Abin da ya rage a hannunka kolajin ne. Ɗayan kuma ka ƙone shi sosai har ya yi fari. Wuta ta cinye kolajin ta bar ma'adini, siffar tana nan ita ma, amma da ka murza sai ya zama gari. Wajen nauyi, kimanin kashi biyu cikin uku na ƙashi ma'adini ne, wato wani nau'in kalsiyam fosfet da ake kira afatait. Sauran furotin ne da ruwa, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin kolajin ne nau'i na ɗaya. Ma'adini ke hana ƙashi lanƙwashewa, kolajin ke hana shi fashewa.

Shi kolajin igiya ce mai tufka uku. Kowane sili yana da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, wajen dubu ɗaya, kuma kowane na uku a jerin gilaisin ne, wanda ya fi duka ƙanƙanta, domin a tsakiyar tufkar babu filin da wani zai shiga sai shi. In aka samu kuskuren gado wani babban amino asid ya hau gurbin gilaisin ko da a wuri ɗaya ne, tufkar ba ta ɗamewa, kuma a mutane wannan na daga manyan dalilan cutar nan da ƙashin yaro ke karyewa da ɗan abu kaɗan. G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha ne suka fara kawo tsarin tufka ukun a Madras ta Indiya a 1954, Alexander Rich da Francis Crick suka gyara shi a 1955. Tsawon igiya ɗaya kimanin nanomita 300 ne, kaurinta kuwa nanomita 1.5, shi kuwa nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Nau'o'in kolajin da aka sani sun kai 28, amma uku kawai za su shafe mu a nan.

Abin da ya fi muhimmanci ga ƙashi shi ne yadda igiyoyin ke jeruwa su zama zare. Ba sa kwanciya kai da kai. Kowace tana gocewa daga maƙwabciyarta da nanomita 67, kamar jerin tubali a bango, sannan tsakanin wutsiyar wata da kan mai bi mata akwai giɓi na kusan nanomita 40. Alan Hodge da John Petruska suka bayyana wannan tsari a 1963. Shi ya sa in ka duba zaren kolajin a maikiroskof mai aiki da lantarki za ka gan shi da ratsi-ratsi, fari da baƙi, a jere daidai wa daida. Waɗannan giɓoɓin su ne ɗakunan farko da ma'adini ke sauka.

Yanzu mu leƙa cikin ƙwai. Ɗan tsakon kaza kwana 21 yake yi kafin ƙyanƙyasa, kuma dogayen ƙasusuwansa da guringuntsi suke farawa, wanda kolajinsa nau'i na biyu ne, siraran zare a warwatse cikin wani abu mai riƙe ruwa. Wajen ƙarshen makon farko, ƙwayoyin gina ƙashi, ostiyobilas, sukan kewaye tsakiyar guringuntsin su shimfiɗa kolajin nau'i na ɗaya kamar ɗamara. Wannan shimfiɗa da taushinta take fitowa, sai daga baya ma'adini ya shige ta. A can ciki kuma ƙwayoyin guringuntsi sukan kumbura, su fara fitar da wani gajeren kolajin, nau'i na goma, wanda a guringuntsin 'yan tsaki aka fara gano shi a farkon shekarun 1980. Bayyanarsa alama ce cewa wannan guringuntsi ya kusa ba da wuri: hanyoyin jini za su kutsa, a rushe shi, ƙashi da ɓargo su gaje gurbin. Mafi yawan kalsiyam ɗin wannan gini daga ɓawon ƙwan ɗan tsakon ke kankaro shi, shi ya sa ɓawon da aka ƙyanƙyashe ya fi sabo rashin ƙwari. Ƙashin ƙoƙon kai kuwa galibinsa ba ya bi ta guringuntsi, kai tsaye ake shimfiɗa kolajin a zuba masa ma'adini.

Ga tambayarka ta fata. Ruwan jikin dabba yana ɗauke da kalsiyam da fosfet da yawan da, in an bar su sakaka, za su iya daskarewa a kan kolajin ko'ina. Abin mamaki ke nan ba yadda ƙashi ke tauri ba ne, yadda sauran jiki ke tsira da taushinsa ne. Jiki yana da masu gadi. Babbansu fairofosfet, wato fosfet biyu a manne, wanda ke liƙewa jikin ɗan ƙaramin kiristal ya hana shi girma. Herbert Fleisch ya nuna wannan a shekarun 1960. Akwai kuma furotin irin su fetuwin da ke yawo cikin jini suna kame ɓarɓashin ma'adini. Ƙwayoyin gina ƙashi suna da makamin korar mai gadi, wani enzayim, wato furotin mai hanzarta haɗa ko raba sinadarai, mai suna alkalin fosfatas, wanda Robert Robison ya danganta da taurin ƙashi tun 1923, kuma shi da Honor Fell suka bi sawunsa a ƙafafun 'yan tsakin da aka raina a kwanon gwaji a 1929. Enzayim ɗin yakan raba fairofosfet biyu, ya kashe tsuntsu biyu da jifa ɗaya: mai hanawa ya tafi, gutsattsarinsa kuma sun zama kayan gini. Bayan wannan, ƙwayoyin sukan tsinko waɗansu 'yan jakunkuna daga fatar jikinsu su watsa a tsakanin zaruruwa, a cikinsu ake tara kalsiyam da fosfet har kiristal na farko ya ƙullu. Clarke Anderson a Amurka da Ermanno Bonucci a Italiya suka gan su a 1967, kowa a nasa ɗakin gwajin.

Gwajin da ya rufe bakin gardama, a ganina, shi ne na Monzur Murshed da Gerard Karsenty da abokan aikinsu a 2005. Sun sauya gadon ɓeraye ta yadda ƙwayoyin fatarsu za su riƙa yin wannan enzayim, sai ma'adini ya sauka a kan kolajin fatar. Fata tana da shimfiɗar, ba ta da mai buɗe ƙofa. Hanta da ƙoda suna da enzayim ɗin, amma ba su da irin wannan tarin zaren a inda yake aiki. A ƙashi da haƙori abubuwan biyu suka haɗu.

To, agarar talotalo. Ɗan talotalo yana ƙyanƙyashewa da agara mai taushi kamar ta kowace dabba. Wajen mako na 10 zuwa na 12, sai tauri ya fara a waɗansu agarorin ƙafa. A babbar agarar bayan ƙwauri yakan tashi daga kusa da gaɓar nan mai lanƙwasawa baya ya riƙa hawa sama zuwa cikin tsoka. Wannan gaɓa, tun da mun zo kanta, ba gwiwa ba ce kamar yadda mutane da yawa ke zato, idon sawu ce. Gwiwar tsuntsu tana can sama a ɓoye cikin gashi. Sashen agarar da ke zagaye gaɓar ba ya tauri ko tsuntsun ya tsufa, domin in ya yi, ƙafar ba za ta naɗe ba. Ka duba da kyau: igiya ɗaya ce, kolajin nau'i ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, jini ɗaya ke ciyar da ita, amma wani sashe ya zama kamar tsinke, wani yana nan kamar roba. Da kolajin ke jawo ma'adini da kansa, da hakan bai yiwu ba.

Bambancin yana wajen ƙwayoyin. Gab da bakin taurin, ƙwayoyin agara waɗanda da sirara ne a miƙe tsakanin zare sukan kumbura su jeru kamar carbi, su fara yin alkalin fosfatas da sauran furotin da aka saba gani a ƙashi, su kuma saki 'yan jakunkunan nan. Har kolajin ma sukan taɓa shi. Lynda Knott da Allen Bailey da abokin aikinsu a Bristol ta Ingila sun nuna a 1997 cewa a sashen da ke yin tauri ana rushe wani ɓangare na tsohon kolajin a sa sabo, wanda ƙulle-ƙullen da ke ɗaure igiyoyinsa suka fi kama da na ƙashi.

Dalilin da ya sa masu bincike ke ƙaunar wannan agara mai sauƙi ne. A ƙashi na sosai zaruruwa sun sarƙe, wannan shimfiɗa ta nufi nan waccan ta nufi can, ana kuma rushewa ana sake gini kullum. A agara duk zaren sun miƙe hanya ɗaya, kuma tsawon igiyar kansa ya zama kamar kalanda: can sama inda ba a fara ba, tsakiya inda ake farawa, ƙasa inda aka gama. Da yanka ɗaya ka ga dukan labarin. A kanta ne Stephen Weiner da Wolfie Traub na cibiyar Weizmann a Isra'ila suka nuna a 1986 cewa kiristal ɗin ba allurai ba ne, falle-falle ne, 'yan faranti masu tsawon nanomita gommai da kaurin nanomita kaɗan, a jere bisa layi. A kanta kuma William Landis da abokansa suka ɗauki hoto mai fuska uku a 1993, inda aka ga farantan suna farawa a giɓoɓin, tsawonsu na bin tsawon zaren, sannan su girma su haɗe da juna. Giɓin kaɗai ba ya ɗaukar dukan ma'adinin ƙashi. Farantan sukan zarce cikin sassan da igiyoyi suka hau juna, kuma kaso mai yawa yana kwanciya a bayan zaren da tsakaninsu. Duk da haka alƙiblar da suke fuskanta ta kolajin ce.

Yaya dutse zai shiga giɓin da, duk da tsawonsa, faɗinsa bai wuce nanomita biyu ba? Ba a matsayin dutse yake shiga ba. Laurie Gower a Fulorida ta Amurka, da Fabio Nudelman da Nico Sommerdijk a Eindhoven ta Holan a 2010, sun nuna a kwanon gwaji cewa kalsiyam fosfet yana fara shiga ne ba shi da tsari, kamar kwaɓaɓɓen siminti, sai a ciki ya daskare ya zama afatait. Kuma sai an sa wani babban furotin mai hana daskarewa a ruwan da ke waje kafin hakan ta faru. In babu shi, ma'adinin a bayan zaren yake taruwa ya yi ɓawo. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne mai gadin ya fi ramin girma, ba ya iya shiga, saboda haka cikin zaren ne kaɗai wurin da kiristal ke samun sakewa. Wannan bayanin yana burge ni har yau, domin abin da ke hana tauri a sauran jiki shi ne kuma ke tura ma'adini inda ya dace.

Da ma'adini ya shiga, ruwa yake korewa. Igiyoyin da ke da tazarar kusan nanomita 1.5 a jiƙaƙƙiyar agara sukan matso kusa da juna. A 2022 ƙungiyar Peter Fratzl a cibiyar Max Planck da ke Potsdam ta Jamus ta ɗauki yankan agarar talotalo mai taushi ta sa mata ma'adini a ɗakin gwaji, sai aka auna ta tana tsukewa da ƙarfin da ya ninka na tsoka nesa ba kusa ba. Ma'anarsa kolajin yana riƙe da ma'adinin a matse, irin yadda injiniya ke jan rodi ya ɗame kafin kankare ya bushe domin kada ginin ya tsage.

Shin tsinken nan ƙashi ne ko agara? Da farko agara ce mai ma'adini: babu guringuntsin da aka rushe, babu sabuwar shimfiɗar ostiyobilas, tsohuwar igiyar ce ta yi tauri a inda take. Amma a tsuntsun da ya manyanta hanyoyin jini sukan shiga, ƙwayoyin rushe ƙashi su haƙa ramuka, a cike su da ƙashi na gaskiya mai zobe-zobe. A nan ba laifi ka kira shi ƙashi. Kuma ba talotalo kaɗai ba ne. Ana samun haka a dangin kaza da yawa, da mujiya, da gauraka, a ƙafa ko fiffike ko gefen ƙashin baya. Manyan dainaso masu cin ganye irin su Iguwanodon da aka haƙo a Bernissart ta Beljiyam a 1878 suna da irin waɗannan sanduna a sarƙe a gadon bayansu da wutsiya.

Amfaninsa ya danganta da surar ƙafar tsuntsu. Tsoka tana can sama kusa da jiki, ƙasan ƙafar kuwa ƙashi ne da fata da dogayen agarori. Igiya in ta yi tsawo miƙewarta kan yi yawa, sai tsoka ta ja amma yatsa bai motsa yadda ake so ba. Taurin yana rage wannan saki, ya mayar da dogon sashen sanda, ya bar miƙewar ga gajerun sassa masu taushi. Thomas Roberts da abokansa sun ci moriyar wannan a 1997, suka manna na'urar auna ƙarfi a kan taurarren sashen, suka sa talotalo gudu. Sun tarar cewa a fili mai baje tsokar ƙwauri kusan ba ta sauya tsawo, riƙewa kawai take yi, fiye da kashi 60 cikin ɗari na aikin kuma daga miƙewa da komawar agara da shimfiɗarta yake fitowa, kamar sifirin.

Tun da likitan dabbobi za ka zama, akwai wani ƙashin tsuntsu da ya kamata ka aje kusa da agara a ranka, domin kishiyarta ne. Kaza in ta kusa fara ƙwai, sinadarin istirojin yakan sa ta gina wani ƙashi mai kama da soso a cikin ramin ɓargo. Preston Kyes da Truman Potter suka bayyana shi a tattabaru a 1934, kuma Mary Schweitzer ta same shi a cinyar wani dainaso mai cin nama daga Montana ta Amurka a 2005, abin da ya nuna mace ce a lokacin ƙwai. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kalsiyam kimanin giram 2, ana yin sa cikin awa 20 ko kusa da haka, galibi da dare lokacin da hanji ya rage abinci. Wannan ƙashin soso shi ne rumbun da ake ɗiba. Kolajinsa a hargitse yake, zaren ba su fuskanci ko'ina ba, ma'adini kuwa jingim. Yana narkewa da sauri, yana ginuwa da sauri, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Matsalar ita ce muddin kaza na kan ƙwai, gina ƙashin riƙe jiki yakan tsaya, rushewa kuma ba ta tsaya ba. Shi ya sa za ka iya auna kalsiyam a ƙashin tsohuwar kazar ƙwai ka ga ba laifi, amma ƙashin ƙirjinta a karye. Yawan ma'adini bai gaya maka yadda kolajin ya kwanta ba.

Haka nan ba kowace lalurar ƙafa ce ƙarancin kalsiyam ba, kuma ina ganin a nan ne sababbin likitoci suka fi yin gaggawa. In bitamin D3 ko fosfaras ko kalsiyam suka gaza, kolajin yana nan lafiya amma ba a cika shi ba, sai ƙashi da baki su yi taushi. D3 nake cewa da gangan, domin D2 ba ya yi wa kaji aiki sosai. In sinadarin jan ƙarfe ya gaza, enzayim ɗin da ke ƙulla igiya da igiya ya tsaya, ma'adini yana nan amma ƙashin ya zama mai saurin karyewa, babbar jijiyar jini ma tana iya fashewa. In manganis ya gaza, guringuntsin gaɓa ne ke lalacewa, agarar ta zame daga kwarin da take bi, ƙafar ta karkace gefe. Bitamin C wajibi ne ga ɗamewar tufkar, amma kaza da talotalo suna yin nasu a ƙoda.

In kun koma ɗakin gwaji, ka zaro agarar gaba ɗaya, da sashe mai tauri da mai taushi a haɗe, kada ka yanke ta. Ka lanƙwasa ka ji daidai inda taurin ya tsaya. Sannan ka jefa ta a ruwan kal tare da ƙashin kazar. Bayan 'yan kwanaki tsinken zai koma farar igiya, kuma da wuya yatsanka ya gane inda iyakar take a da.